Shayin Zulai

Wata huɗu ke nan da rasuwar matarsa Zulai, kuma Malam Isyaku, tsohon direban tirela a Gyaɗi-Gyaɗi, bai sake shan shayi mai daɗi ba. Ita ce ke dafa masa kowace safiya da ganyen da take sayowa a kasuwar Tarauni. Tun da likita ya hana shi sukari, shayinta kaɗai yake iya sha haka nan.

Gwangwanin ganyen na nan inda ta bar shi. Kullum ya dafa sai ya yi ɗaci, ya kurɓa sau biyu ya zubar a gindin darbejiya.

Wata Asabar ya kira 'yarsu Nafisa da ke aure a Zariya.

"Wai yaya innarki take dafa shayin nan ne?"

"Baba, ko tafasa ganyen kake yi?"

"Sai ya yi baƙi nake saukewa."

"Ai ita citta da kanumfari kawai take tafasawa. Sai ta sauke butar sannan ta zuba ganyen, ta rufe kamar minti huɗu."

Ya yi yadda ta ce. Ƙamshi ya cika tsakar gida, da ya kurɓa kuwa ya ji shi daidai. Ya juya wajen ƙofar ɗakin Zulai zai yi magana, sai ya tuna. Ya sake kiran Nafisa, ba ta ɗauka ba. Ya zauna a kan tabarma ya shanye a hankali.