Gwiwar Hannun Iwamuro

Mizoguchi bai ƙarasa zama a bencin bayan raga ba sai ya ji an daki kafaɗarsa. Tsurumi ne, da 'yar hularsa da murmushin nan nasa da bai taɓa kaiwa ido ba. Dukansu biyu sana'arsu ɗaya, yawon makarantun sakandare suna farautar yara wa manyan ƙungiyoyin besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, sai dai kowa da uban gidansa.

"Mizo-san, kai ma tun daga Osaka? Ka yi asarar kuɗin jirgin ƙasa, tsoho."

"To kai me ka zo yi? Kamun kifi?"

Tsurumi ya sunkuyo ya rage murya. "Gwiwar hannun yaron ta tafi tun watan Maris. Don muna tare na gaya maka."

Mizoguchi ya mai da idonsa kan fili. Shekara shida da suka wuce mutumin nan ya taɓa rantse masa cewa wani yaro a Tokushima yana da ciwon baya, ƙarshe ƙungiyar Tsurumi ce ta ɗauke shi, yaron kuma har yau ko atishawa bai yi ba. Ya fito da na'urar auna gudun ƙwallo da littafinsa, ya gyara tabarau.

Yaron da ya tara su sunansa Iwamuro Kaito, ɗan ajin ƙarshe a wata ƙaramar makaranta a gaɓar tekun Kochi, dogo, mai faɗin ƙirji, kai a aske ƙwal kamar sauran abokan wasansa. Jifansa na farko na'ura ta nuna kilomita ɗari da arba'in da bakwai a awa. Na biyu da takwas. Mizoguchi ya yi shekara goma sha ɗaya yana tsugune a bayan masu bugu yana cafke ƙwallo kafin gwiwoyinsa su gaji, ya san ƙarar da jifa mai nauyi ke yi idan ya shiga safar hannu. Wannan ƙarar ce.

Amma zuwa zagaye na uku sai abu ya fara yi masa ƙaiƙayi. Yaron bai jefa ƙwallo mai lanƙwasa a iska ko ɗaya ba, alhali da ita ya yi suna bara. Sau huɗu mai cafkewa yana ba shi alama da yatsu, sau huɗu yana girgiza kai. A zagaye na huɗu kuma, ba wanda ya taɓa masa ƙwallo, kocin ya cire shi daga tudun jifa ya tura shi can bakin fili.

Tsurumi ya juyo ya ɗaga gira. Mizoguchi ya yi kamar bai gani ba.

Bugu kam babu abin cewa. Karon farko Iwamuro ya buga ƙwallo ta tsaga tsakanin masu tsaron baya. Karo na uku ya jira ƙwallo har ta kusa wuce shi, sannan ya juya ƙugu ya aika da ita bayan katanga, cikin gonar citta. Mizoguchi ya rubuta cewa hannayensa suna da sauri, idonsa ba ya ruɗuwa. A ƙasa ya ƙara: yana sakin hannun dama da wuri bayan bugu, me ya sa?

Doka ta hana irinsu magana da ɗalibi, don haka da aka tashi ya nemi Koci Hamaguchi, wani gajeren mutum da rana ta ƙona. Suka sunkuya wa juna, ya miƙa katinsa da hannu biyu.

"Koci, yaronka ya daina lanƙwasa ƙwallo ne?"

"Ina adana shi ne don gasar bazara."

"Hannun lafiya?"

"Ƙalau."

Amsar ta fito da sauri, kamar an daɗe da tanadar ta. Mizoguchi ya yi godiya ya tafi. A shagon taliyar udon kusa da tasha ya zauna yana juya abin har romon ya huce. In hannun lafiya yake, ƙarya Tsurumi ke yi. In ba lafiya ba, kocin ne maƙaryaci. Akwai kuma ta uku, wadda ta fi damunsa, wato bakinsu ɗaya.

Bai koma Osaka ba. Ran Talata da la'asar ya sayi hular kaba irin ta manoma, ya bar na'ura da littafi a masauki, ya je ya tsaya a bakin gonar cittar nan inda ake hango filin atisaye ta cikin waya. Ya ƙirga wa Iwamuro jifa arba'in da biyu. Goma sha ɗaya masu lanƙwasa ne, suna zuwa daidai ƙirji su faɗi ƙasa kamar an yanke musu igiya. A inuwar rumfa kuwa ga Tsurumi ya miƙe ƙafa, yana kurɓar shayin sha'ir mai sanyi tare da kocin.

Mizoguchi ya zagaya ta ƙofa ya shiga, hular a hannu.

"A'a! Mizo-san, noma ka koma?" in ji Tsurumi, amma kunnuwansa sun yi ja.

"Mai mataccen hannu nake kallo yana jifa."

Hamaguchi ya ajiye kofinsa ya miƙe. Ya ce shi da Tsurumi ajinsu ɗaya a jami'a, wannan ba sirri ba ne. Ya ce gaskiya ne a watan Maris yaron ya ji zafi a gwiwar hannu, likita ya hana shi jifa mako biyar, yanzu ya warke. Ranar wasa ya hana shi lanƙwasawa ne don kada ya ga baƙi ya zaƙe.

"Ran Asabar ka ce mini ƙalau."

"Halin da yake ciki yanzu ka tambaye ni, ba na baya ba."

"Zan iya ganin hoton asibitin?"

"Na iyayensa ne, ba nawa ba."

Mizoguchi ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ɗaya ya zuzuta ciwon don ya kori mutane, ɗaya ya rage shi don kada darajar yaronsa ta faɗi, kuma ba wanda zai ce masa inda gaskiya ta tsaya. Ya juya wajen fili. Iwamuro ya gama, ya cire hula ya sunkuya wa tudun jifa, sannan ya ɗauki jakarsa da hannun hagu. Wataƙila al'adarsa ce. Wataƙila ba ita ba ce.

A taron ƙungiya ya faɗi abin da ya gani da wanda bai gani ba. Shugaban sashe ya tambaye shi ko zai iya sa wuyansa a kan hannun yaron.

"A kan hannun, a'a. A kan bugun, har da kaina."

Ranar zaɓen 'yan wasa a watan Oktoba ƙungiyar Mizoguchi ta ɗauki Iwamuro a zagaye na uku. Ƙungiyar Tsurumi ta jinkirta zuwa na huɗu, ta tabbata jita-jitar ta kori kowa. Da likitan ƙungiya ya duba sai ya tarar da jijiyar gwiwar ta ɗan yage ta haɗe, ba sosai ba. Iwamuro ya yi jifa shekara ɗaya da rabi a rukunin matasa kafin ta sake buɗewa. Ya yi kuka a ɗakin sauya kaya, aka karɓi safar masu jifa aka ba shi ta masu tsaron baya. A shekararsa ta huɗu ya hau babbar ƙungiya, shi ne na shida a jerin masu bugu.

Mizoguchi na cikin jirgin ƙasa zuwa Ehime lokacin, zai je duba wani bahago da aka ce shekarunsa sha bakwai yana jifa kamar ɗan talatin. Ya karanta labarin a jarida, ya naɗe ta, ya ɓare dunƙulen shinkafarsa.