Iƙamar Malam Lurwanu

Malam Lurwanu ya gyara zaman mayafin kansa, ya matso gaban tagar ma'aikacin ofishin shige da fice, ya soma bayani da Larabcin littafi. Ya ce shekara ashirin ke nan yana Makka. Daga Sakkwato ya zo karatu, ya yi aure a nan, ya karantar a nan, yanzu kuma ya ga ya dace a ba shi jinsiyya, ya zama ɗan ƙasa.

Ma'aikacin ya danna kwamfuta yana hamma.

"Ya Shaikh, iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta mijin 'yar ƙasa ce. Ina matar?"

"Na sake ta," in ji Malam, har da ɗaga haɓa. "Ba ta jin magana."

"To, jinsiyya dai ajiye ta gefe. Iƙamar ma ta kusa ƙarewa, kuma da sunanta ake sabuntawa. In babu aure, sai ka nemi wani kafili da zai tsaya maka, ko ka nemi jirgi."

Malam ya fito zufa na bin gemunsa. Shi da yake zaunar da ɗalibai a unguwar Misfala yana musu darasin cewa miji ne bangon gida, ashe duk shekarun nan a jikin katin matarsa Ummulkhairi yake jingine. Kakanninta da ƙafa suka zo hajji daga Kano, suka zauna har suka zama 'yan ƙasa. Laifinta kuwa, ta yi dariya a gaban baƙi lokacin da ya yi wa mai kawo gas magana kamar yana huɗuba.

A cikin tasi ya lissafa da yatsu. Saki ɗaya ne, idda ba ta cika ba. Ya ce wa direba a juya unguwar Tandabawi.

Ya tarar da ita a falon mahaifiyarta, ta miƙe ƙafa tana shan shayi da na'ana'a. Ta yi ƙiba ma.

"Ahlan, Abu Rayyan. Lafiya da rana tsaka?" in ji ta, tana masa alkunya da sunan ɗansu.

Ya yi gyaran murya. Ya jawo aya, ya jawo hadisi, ya yi bayanin falalar haƙuri tsakanin ma'aurata. Ya rufe da cewa, saboda tausayi da duba maslahar yara, ya mayar da ita.

"Daga ofis kake?" ta tambaya.

"Wane ofis?"

"Ga lambar layi nan ta leƙo daga aljihunka."

Ya yi sauri ya tura takardar ciki.

"Mayar da ni haƙƙinka ne, Malam, kai ka karantar da ni," ta ce tana zuba masa shayi. "Khalas, na dawo. Sabunta iƙama kuma, wannan nawa ne."

"Ai abin ba wuya. A wayarki ma za ki danna."

"Na sani. Amma babban al'amari ne, ba a yi masa gaggawa. Zan yi istihara."

Malam ya buɗe baki, ya laluba duk littattafan da ke kansa, bai sami inda aka hana ba. Ya karɓi kofin da hannu biyu.

"Allah ya zaɓa mana mafi alheri," ya ce a hankali.

"Amin!" in ji Ummulkhairi, da wani ƙarfin da ya sa Malam ya ajiye kofin bai kurɓa ba.