Ruwan Gishiri

Kumfa ta fara tashi a jikin baƙaƙen sandunan nan biyu, 'yarmu kuma ta fara tari. Kullum tare suke farawa.

Maigidana ya karanta kimiyyar sinadarai har ya yi digiri. Ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya wage baki, daga ƙarshe ya dawo da ilimin cikin ɗakinmu ɗaya tilo: bokitin ruwan gishiri, batirin mota, wayoyi, da sandunan gawayi da ya zaro daga tsofaffin batiran tocila. Da su yake haɗa bilic, ruwan cire tabo a kaya, ya ɗura a robobi ya kai wa masu shaguna. Mai gidan haya ya hana shi yi a tsakar gida saboda wari. Maƙwabta na kiransa Farfesa, ba don girmamawa ba.

Mutum ne mai son bayani. Tun kafin ya jona waya yake faɗa mini abin da zai fito: wannan sanda haidurojin, waccan kulorin, mai shaƙe maƙogwaro. Wata rana ya ce da gishirin kaɗan ne, iskar da muke numfashi da ita ce za ta fito maimakon kulorin. Ya ɗauka ta bayan kunnena ta bi.

*

Ma'aikaciyar jinya ta saurari ƙirjin yarinyar, ta ce a nisanta ta da duk wani wari mai ƙarfi. Na ce to. Ban tambaye ta inda zan kai ta ba.

Washegari da ya shiga wanka, na kwashe fiye da rabin ruwan bokitin, na cika da na famfo. Ranar yarinyar ta yi barcin rana, ƙirjinta shiru. Na zauna ina kallonta kamar yau na haife ta.

Shi kuwa tun da ya shinshina bai ji komai ba jikinsa ya yi sanyi. Ya tsoma tsumma mai tabo, ya ɗago, tabon na nan daram. Na shirya wa faɗa, sai ya dubi yarinyar, ya dube ni.

"Ashe kina riƙe karatu," ya ce, ya cire wayoyin.

*

Robobi suka zauna wayam, tukunya ma haka. Ya sake saka tsohon takalmin ya fita, ya dawo hannu rabbana. Sannan maganin shaƙar da ma'aikaciyar jinya ta rubuta wa yarinyar ya ƙare, ga shi tarin ya riga ya zauna mata, ko babu wari yana tasowa. Na girgiza gwangwanin a kunnena, na sake girgizawa. Tsoro ya kama ni.

Ni da kaina na jawo buhun gishirin daga ƙarƙashin gado na ajiye a gabansa.

"Zuba," na ce.

Ya zuba, ya jona waya. Na jiƙa ɗankwalina na rufe wa yarinyar hanci. Wannan karon bai faɗa mini abin da zai fito ba. Na riga na sani.