Me Fitila Ta Ce, Kyaftin?

…kuma ai ta ga lambar. Ta gan ta ƙiri-ƙiri yau da safe a cikin jirgin fito, lokacin da ɗanta Eskil ya miƙo mata wayarsa yana dariya, bakinsa cike da burodi. Wani zagaye ne na ɗige-ɗige, kore-kore da ja-ja, ga lamba zaune ɓaro-ɓaro a tsakiya, ko daga wancan teburin mutum zai karanta. "Mama, dubi 'yan rainin hankali. Wai akwai lamba a cikin wannan." Ita kuma me ta ce? Wai hasken wayar ne. Hasken waya, Torunn? Da furfurarki da komai?

Ga ta nan dai a mota, a garin Bodø, gaban ginin da sojoji ke gwada samari. Ta kashe inji, sanyi ya fara shigowa ta ƙafa. Tun hantsi yake ciki, in ma akwai abin da za a kira hantsi a wannan watan na duhu da rana ke leƙowa kawai ta koma. Su auna tsayi, su auna numfashi, su toshe masa kunne su kaɗa ƙara… duk wannan ba ya ɗaga mata hankali, yaron da ke saɓa injin kwale-kwale a kafaɗa ya hau tudu da shi. Littafin ɗige-ɗigen nan na gwajin ganin launi ne ke damunta. Wanda bai ga lambar ba, ba a damƙa masa wayoyin jirgin soja. Shi da bakinsa ya faɗa, yana tauna, kamar labarin ɗan wani gida yake bayarwa. Shi kuwa ba bindiga ce a ransa ba, ba fareti ba. Wayoyi. Aikin lantarki a jirgin sojan ruwa, can ƙasa inda inji ke kuka. Tun yana ɗan firit yake wannan waƙar. Ya kwance mata rediyo, ya kwance injin wanki, ya mayar, har da ragowar noti a hannu — kuma injin ya tashi. Shekara biyu yana gudu a kan duwatsu cikin ruwan sama saboda wannan yinin.

Fitilar mararraba can gaba ta sauya.

"Ja," in ji bakinta. Ba kowa a motar.

Me fitila ta ce, Kyaftin?

Warin dizal, da ƙarnin kifi, da tabar Baba… babanta Halvard a sitiyari, ƙato, ya cika ɗan ɗakin tuƙin, ita kuma a tsaye kan akwatin kifi da aka kife don kanta ya kai taga. Shekararta bakwai. Ƙarfe biyu na rana amma duhu ya riga ya sauka, suna dawowa gida da jirgi ya yi nauyi. Can bakin mashigar tsibiri, fitilar nan. In kana kan hanya fara za ka gan ta. Ka kauce hagu ta zama ja, ka kauce dama ta zama kore, kuma kowane gefe duwatsu ne kwance ƙarƙashin ruwa. Yaron tsibiri yana sanin wannan kafin ya san karatu.

"Ja, Baba." Ya murɗa dama. "Kore." Ya murɗa hagu. "Fari." "To, Kyaftin ta yi magana, mu talakawa namu bi ne." Sai ya tsoma ƙwayar sukari a kofinsa ya jefa mata a baki, da yatsun nan masu gishiri. Har yau ba ta ƙara cin abu mai daɗin wannan ba, wallahi.

Wasa ne. Ai wasa ne… nasu, su biyu.

Yayanta Oddvar yana tsaye a bakin gaɓa, hannu a aljihu, ya cika ya yi fam. Shi ne namiji, shi ne babba, shi ke son teku kamar ya mutu, amma shi ake bari da gyaran koma. Ita ake ɗauka. Shekara nawa tana yi masa gori da wannan? Ko a bikin 'yarsa bara sai da ta tsokane shi, wai ni ce dai ta gaban goshin Baba. Ya yi dariyar yaƙe, ya juya. Ita ta ɗauka son kai ne irin na iyaye, ta rungume abinta, ta rayu a kansa. Ranar da aurenta ya yi tsami, ranar da aka rufe masana'antar kifin da take aiki, abin da take lalubowa ke nan a cikin zuciya: ni Baba ya zaɓa.

Don me ita?

Da Oddvar ne, da ya gane Baba ba ya bambance ja da kore. Yaro mai shekara goma sha biyu, mai zama cikin masunta, mako guda ya ishe shi. Da ya faɗa wa abokinsa, abokin ya faɗa wa ubansa, magana ta zagaye gaɓa, ta haye ruwa ta kai ofishin da ke ba da takardar tuƙin jirgi… Amma 'yar shekara bakwai da sukari a baki? A'a. A'a, Torunn, bar wannan. Mutumin yana kabari.

Ta kunna waifa, ya share dusar ƙanƙara sau ɗaya. Ƙofar ginin ta buɗe, samari biyu sun fito suna ture juna, ɗaya yana kaɗa takarda a sama. Ba shi.

Da wa ma ake fita teku da yarinya a watan duhu? Wace uwa ce ke yarda? Inna… Inna da ba ta barin su ko taka ƙanƙarar tafki, mai ihu in an jiƙa safa. Ita ce ke tashinta da asuba, ta jibga mata rigunan ulu har uku, ta ɗaure mata rigar ceto ta ja igiyar har numfashi ya ɗauke. Ta durƙusa, ta riƙe mata kumatu da hannu biyu, ta kalli idanunta, ta daɗe. "Kar ki yi barci a mashiga." Kullum wannan. Ba ta ce ki kula da sanyi ba, ba ta ce kar ki leƙa ruwa ba. Kar ki yi barci a mashiga. Sannan ta tsaya a taga da labule a hannu har jirgi ya ɓace, da yamma kuma a nan za a dawo a same ta.

Ashe Inna ta sani. Ashe kullum zaɓi take yi, ko ta aika 'yar, ko ta rasa mijin. Ya Allah, matar nan. Kuma ba ta taɓa cewa uffan ba, har ta koma ga Allah.

Daga baya na'ura ta zo, mai allo, mai nuna jirgi a kan taswira. Baba ya kafa ta daidai inda akwatin kifin yake. "Kin girma, Kyaftin, makaranta ta fi." Ta yi kuka a bayan rumfar shanya kifi har muryarta ta dishe, tana cewa me na yi masa? Ba ta yi masa komai ba. An dai samu wasu idanun ne… Kai. Kai, wannan tunani da ciwo yake. To amma sukarin fa? Sukari ai bai daina ba. Har tana da cikin Eskil, in ta je gida, sai ya tsoma ya miƙo. Wa ke ba na'ura sukari?

Yatsunta sun ƙage. Ta buɗe filas, kofin ya huce. Ta sha haka nan.

"Wai ta wajen uwa ake gadon wannan matsalar ido," Eskil ke karantowa daga waya ɗazu da safe, jirgin fito na lilo. "Daga kaka, ya bi ta cikin 'yarsa bai taɓa ta ba, ya sauka a kan jika. To ke idonki ras. Kaka kuwa ya ƙare rayuwarsa a teku bai taɓa goga jirgi a dutse ba. Na tsira, Mama." Ya daki tebur. Ya yarda da kakansa fiye da yadda ya yarda da wayar.

Bai taɓa goga jirgi a dutse ba. Gaskiya ne. Duk tsibirin sun shaida, har a wurin jana'iza an faɗa.

Ta yaya ma aka kai yau ba a sani ba? Yaro ya yi makaranta, ya yi koyon sana'a, yana haɗa waya da waya… Da lakabin jikinsu yake bi, shi ya sa yake maƙala wa kowace ɗan tef ya rubuta, malaminsa har yabonsa yake wai mai tsari. A gida kuwa — ɗauko min koren kofi, na hagu. Jan tawul, na sama. Sa shuɗin wando, wanda ke kan kujera. Haka take magana. Uban Eskil ya sha yi mata tsiya kafin su rabu, wai ke komai sai kin haɗa da kwatance, kamar mai aiken makaho. Ta ce haka ake magana a gidanmu. Haka ɗin ne. Haka Inna ke magana. Halvard, miƙo jar tukunya, ta kusa da taga. A kicin ɗin Inna ta koya, ta ɗauko ta kawo nata, ta yi ta shimfiɗa wa yaron hanya ba ta ma san tana yi ba. Ba ta sani ba? Ko kuwa bakin ya sani, ita ce ta ƙi tambayarsa?

Lokacin kaka, sa'ad da ake tsinkar 'ya'yan daji. Jajayen nan ƙanana da ke kwance cikin koren ganye, tudu ya yi ja da su. Eskil ɗan shekara biyar yana takawa, yana murƙushe su da takalmi, yana cewa ina suke, Mama, ina suke? Sai Baba ya yi dariya, wata irin dariya, gajera. "Zo nan, abokina, bar wa mata aikinsu. Mu maza riƙon bokiti ne namu." Su zauna a kan dutse su biyu, tsoho da jika, bokiti a tsakani, suna kallon teku. Ta ɗauke su hoto. Yana nan manne a firij. Malalata biyu, haka ta rubuta a ƙasa.

Baba ya gani tun ranar. Dole ya gani.

Shi ya sa… a gidan tsofaffi, bara waccan, da Eskil ya zo masa da zancen sojan ruwa yana rawar jiki, tsohon bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallonsa. "Nemi aikin tudu, ɗan nema. Teku ta ƙoshi da mu." Aka yi dariya, wasan kaka da jika. Eskil ya ce kishi kake, tsoho, don zan hau jirgin da ya fi naka. Sai tsohon ya lalubi aljihun gado ya ciro hularsa ta teku ya ba shi. Me ya hana ka faɗa, Baba? Kalma ɗaya. Kunya? Har a wannan gadon? Ka gwammace yaron ya ji daga bakin baƙo mai farar riga?

To ke fa, yau da safe? Hasken waya…

Hular. Inna ce ta saƙa ta, ja wur, don in ya faɗa ruwa a hango kansa. Shi kuwa kullum, ina hulata mai ruwan ƙasa? Gidan ya kwashe da dariya, an ɗauka baƙin mai da dattin da ta sha yake yi wa ba'a. Ya zama abin faɗa a gida. Yau da asuba Eskil yana birkita kaya a zaure. "Mama, ina hular Kaka, mai ruwan ƙasan nan? Da ita zan shiga, ta sa'a ce." Ta yi murmushi, har ƙwalla ta zo mata, wai yaro ya gaji barkwancin kakansa.

Ba barkwanci ya gada ba.

Ƙofa kuma. Samari uku. Huɗu. Wata uwa ta fito daga motar kusa tana buɗe hannu. Fitilun titi sun kama, dusar ta ƙaru. Wataƙila littafinsu daban ne. Wataƙila nasa kaɗan ne, ai an ce akwai mai sauƙi, akwai wani gwajin bayan wannan, na fitilu… fitilu. Ja, kore, fari, a ɗaki mai duhu, ba akwatin kifi, ba kowa a gefensa. Da ana shiga da uwa. Da za su bar ta ta tsaya can baya kawai, ba za ta yi motsi ba, a hankali za ta faɗa, yadda ba wanda zai ji sai shi…

Ga shi.

Shi kaɗai. Kansa ba hula, dusa na sauka a gashinsa. Ya tsaya ƙarƙashin fitilar ƙofa, hular na hannunsa, yana juya ta. Ya ɗaga ta sama wajen haske. Ya kawo ta kusa da ido. Ya sake nesanta ta. Kafaɗun nan, tsayuwar nan, ƙafa a buɗe kamar ƙasa na lilo — Halvard sak.

Ta tada inji don hita ta kama. Ta dafa sitiyari. Me za ta ce? Akwai sauran ayyuka? Tudu ma wuri ne? Ya buɗe ƙofar mota, sanyi ya shigo tare da shi. Ya zauna. Bai ja bel ba, bai kalle ta ba. Ya ɗora hular a kan cinyarta, a hankali.

"Mama. Wannan wace kala ce?"

Muryar ba faɗa a cikinta. Tambaya ce kawai. Yana kallon gaba, hannu a kan gwiwa, yana jira, ya yarda da idonta… Tun tana shekara bakwai take amsa wannan tambayar, ba ta taɓa jinkiri ba, ba ta taɓa kuskure ba, ba ta taɓa barci a mashiga ba. Amsar na nan kan harshenta. Da can in ta ce ja, dama ake murɗawa, a ɗan jima fari ya fito, a isa gida, Inna ta saki labule.

Yanzu in ta ce ja, ina za a murɗa?