Ranar da Gwaggo Ta Fitar da Ƙudan Zuma Daga Gari

Wani dare, ban daɗe da kwanciya ba, na ji bangon ɗakina yana wani irin amo ƙasa-ƙasa, kamar jama'a sun taru can nesa suna magana tare, ba ka tsintar kalma ko ɗaya. Na toshe kunne da yatsa don in gane ko a kaina abin yake, domin tsufa ya fara yi mini irin wannan wasa. Da na ɗora tafin hannu a bangon sai na ji yana ɗan karkarwa. Daɗin amon ya fi tsoronsa, har barci ya ɗauke ni ina saurare.

Da safe tela, maƙwabcina na hagu, ya nuna mini ƙarƙashin rufin kwano. Wani baƙin dunƙule ne yake reto a wurin kamar gemu. Ƙudan zuman Gwaggo ne suka dawo.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere suna kallon famfo guda. Ni ina gyaran lema a bakin ƙofa. Gwaggo tana damana, kuma haka kowa ke kiranta, har ni da na girme ta. Mijinta kafinta ne, ya rasu ya bar mata akwatin ƙudan zuma da ya ƙera da hannunsa, a kan katangar da ke tsakanin ɗakina da nata. Shekara da shekaru ba su taɓa kowa ba, sai tela sau ɗaya, shi ma ranar da ya yi wanka da turare.

Sai ƙudan wani mutum a wata unguwa suka far wa yaro har aka kwantar da shi a asibiti. Hukumar gari ta kafa doka: ba kiwon ƙudan zuma a cikin gari, waɗanda aka samu kuwa ƙone su za a yi. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ina tara labarin dokoki kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kwalabe. Na ji a rediyo an taɓa hana shan gahawa a wata ƙasa, a wata kuma mai gemu sai ya biya haraji. A nan ma na ga an hana wanki a bakin kogi, na ga an hana ɗaure akuya a titi. Dukkansu da masu ƙafa biyu ko huɗu ake yi. Wannan ce ta farko da na ga an kafa wa masu fiffike.

Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta sa aka tura akwatin a amalanke zuwa bayan wurin gasa bulo, inda gidajen gari suka ƙare. Ga shi kuwa rabinsu sun biyo hanya sun dawo inda suka sani.

Tela ya leƙa ɗakinta yana dariya. "Gwaggo, 'ya'yanki fa ba su karanta sanarwa ba."

"Ajinsu ɗaya da mai lema," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Amma da ta fito ta gan su, wasan ya ƙare. Ta ce laifinta ne. Marigayi yakan ce ƙudan zuma ko dai ka matsar da su taku ɗaya, ko ka kai su tafiyar yini, in ba haka ba gida za su koma. Ta sani sarai. Gwiwoyinta ne ba sa kai ta nesa, ita kuwa tana son inda za ta riƙa zuwa tana ganinsu.

Kafin rana ta take, sai ga duba-gari da galan ɗin kananzir da tsumma ɗaure a sanda. Matashi ne mai dogon wuya, ya rusuna ya gaishe ta kamar uwarsa. Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba, amma shi ya ɗauki yaron nan zuwa asibiti, kuma har yanzu yana ganin fuskarsa a kumbure. Gwaggo ta ce gaskiyarsa ce, da ɗanta ne da ita ma abin da za ta nema ke nan. Ta roƙi ya ba ta zuwa yamma. Ta ce waɗannan marayu ne, uwarsu tana can cikin akwati, ba kuma abin da zai ɗaga su daga nan sai ƙamshinta. Dole ta shigo da uwar cikin gari.

"Mama, shi ma wannan ɗin dokar ta hana."

"Na sani, ɗana."

Ya zauna a kan bencina, ya ɗauki wata karyayyar lema yana juya ta kamar yau ya fara ganin lema. Can ya miƙe, ya ce akwai magudanar ruwa a bayan mahauta da ke jiransa tun jiya, sai da yamma zai dawo. Galan ɗin ya bari a gindin famfo.

Gwaggo ta hau amalanke ta tafi, ta dawo da kwalin ashana wanda ta huhhuda da allura, uwar ƙudan tana ciki. Ta wanke hannu da ruwa zalla, ta kori tela da turarensa zuwa ɗaki, bayan ta karɓi ƙyalle a wurinsa ta ɗaure kwalin a damtsenta. Ta taka bencina ina riƙe da shi, ta ɗaga hannu zuwa rufin, ta tsaya.

Da farko ba abin da ya motsa. Sai guda ya sauko, ya zagaya kwalin, ya ɗaga bayansa yana kaɗa fiffike. Daga nan dunƙulen ya fara narkewa yana zubowa a kanta. Na ga abubuwa a rayuwata, har ɗan maraƙi mai wutsiya biyu na taɓa biyan kuɗi na gani, amma ban taɓa ganin hannun tsohuwa ya zama kututture mai numfashi ba. Biyu sun harbe ta a wuya, ina kallo. Ko ido ba ta ƙifta ba, sai leɓenta da ke motsi, tana yi musu magana a hankali.

A haka duba-gari ya same mu. Ya dubi galan, ya dubi hannun, sai ya gyara hularsa ya shige gaba, Gwaggo ta sauko daga benci muka bi bayansa.

"A ba da hanya," yake cewa duk inda muka bi. "Hukuma ce ke fitar da su."

Ni ina baya da lema mafi girma cikin kayana, don ta ce zafi yana fusata su. Na miƙe hannu iyakar tsawonsa, ƙafafuna suna son komawa gida. Muka ratsa bakin kasuwa. Masu rumfuna suka ja yara jikinsu, mai wasa wuƙa ya tsayar da dutsensa, ba ka jin komai sai amon nan da jan takalmin Gwaggo. Hannun ya yi mata nauyi, ta tallafe gwiwar hannun da ɗayan, ba ta tsaya hutawa ba.

A wurin gasa bulo ta durƙusa gaban akwatin, ta zare kwalin ta saki uwar a ciki, ta girgiza hannu sau ɗaya. Suka zube, suka bi ƙofar akwatin kamar ruwa ya sami rami. Muka jira duhu ya fara, na waje suka gama shiga, ta toshe ƙofar da ƙyallen tela.

Akwai motar bulo da za ta wani ƙauye mai nisa, inda ƙanin mijinta yake noma. Aka ɗora akwatin. Na zaci saƙo za ta bai wa direba. Sai na ga ta dafa kafaɗar duba-gari, ta cije leɓe, ta hau da gwiwoyin nan nata, ta zauna a kan bulo ta rungume akwatin.

"Mai lema, in hadari ya taso a kwashe mini shanya," ta ce. Motar ta tashi.

Na dawo gida ni kaɗai. Zanenta yana kan igiya, fitilarta a goge a bakin taga, ƙofar ɗakinta a buɗe kamar wadda ta je ɗebo ruwa. Mutanen gida suka taru a tsakar gida ina ba su labari, kowa na satar kallon ɗakin. Tela ya je ya kama marfin ƙofar, ya tsaya riƙe da shi.

"To wannan ɗakin, a sa masa kwaɗo ne, ko a ja ƙofar kawai?"