Haƙoran Ramiz Mai Ƙaho

A garin Vranje duk wanda zai aurar da 'ya, Ramiz yake nema. Ɗan kawuna ne. Shi ke busa ƙahon gaba a ƙungiyarmu ta makaɗa, ni kuma ina bayansa da ganga tun muna samari. Wanda bai taɓa busa ba bai san cewa ƙaho a kan haƙoran gaba yake zama ba. In suka motsa, sauti ya watse.

Da bazara Ramiz ya fara tofar da jini bayan kowane biki. Matarsa Zumreta ta ce ya je wurin likitan haƙori. Ina! Ramiz da ke iya tsayawa gaban mashaya ɗari bai ko ƙifta ido ba, kujerar likita ce ke sa shi gumi. Sai ya shiga kemis ya sayo wani man goge baki mai kashe ƙwayoyin cuta, ya kama goga safe da yamma kamar mai wanke tukunya.

Abin haushin shi ne man ya yi aiki. Jinin ya tsaya, kumburin dasashi ya saɓe, warin bakin da muka sha fama da shi a cikin mota ya tafi.

"Ka gani ko, sarkin tsoro?" in ji shi, yana wage mini baki. "Likitan me? Ga likita nan a aljihuna."

"Rufe mana, kada ƙuda ya faɗa," na ce masa. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Haka muka cinye bukukuwan lokacin zafi. Da kaka, lokacin da mata suka fara gasa jan tattasai a ƙofar gida, muna tsakiyar fito da wata amarya, sai ƙahon Ramiz ya yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Da muka koma mota ya kama hannuna ya ɗora yatsana a haƙorinsa na sama. Yana rawa. Na kusa da shi ma haka.

Ni na kai shi wurin Dakta Radmila, likitar haƙori. Ta duba, ta ɗauki hoto, ta daɗe tana kallonsa.

"Man bai yi maka ƙarya ba," ta ce. "Ya kashe ƙwayoyin da ke sama, ya rage dattin da buroshi ke kaiwa. Amma na ƙarƙashin dasashi ya riga ya daskare ya zama dutse, man ba ya isa can. Cutar tana ciki tana cin ƙashi."

"To ki kankare mana, likita."

"Zan kankare. Sai dai ka sani, dutsen nan ne ya riƙe su yanzu. In na cire, za su ƙara girgiɗi. In na bari, ƙashin ya ƙarasa. Da lokacin da kake ganin jini ka zo, da wata magana muke yi."

"Haƙoran roba fa? Za su ɗauki ƙaho?"

Ta juya, ta shiga wanke hannu.

Kafin sanyi ya shigo huɗu sun fita. An yi masa na roba, masu kyau, farare tas. Da ya danna ƙaho sai su zame, iska kawai ke fita. Tausayinsa ya hana ni barci, haushinsa kuma ya hana ni yi masa magana mai daɗi.

Masu biki dai sunan Ramiz suke so. Sai Kadri, ƙanen Zumreta, ya karɓi busar gaba daga layin baya, Ramiz kuwa ya tsaya a inda ya saba, ƙaho a baki, yana kumbura kumatu yana motsa yatsu.

A bikin farko da muka yi hakan, wata tsohuwa, kakar ango, ta keta 'yan rawa da sandarta har gabansa. Ta liƙa masa kuɗi a goshi, idonta cike da hawaye.

"Ɗana," ta ce, "kai ka busa a bikin 'yata. Wallahi har yau babu mai busa kamarka."

Ramiz ya rusuna mata, ya mai da ƙahon bakinsa, ya ci gaba da kumbura kumatu.