Babur Mai Sirdi Ɗaya

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce aji biyu na elemantare ba, kuma maganar a kan mahaifina take, ni kuwa 'yar farinsa ce. Ba ya kiran sunana, ni ma ba na kallon fuskarsa. In yana jin ƙishirwa sai ya ce, "A kawo ruwa," kamar da iska yake, in kawo in ajiye in koma. Haka na tashi na tarar, ban kuwa taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai a wannan zuwan.

Daga Indabo aka dawo da ni Wudil goyon ciki. Na haifi 'ya mace, na zauna wanka. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, saboda haka Kaka Hansai, wadda ta haifi Baba, ita ke dafa mini ruwa da dama kunun kanwa. Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in. In na gama wanka jikina na turiri, sai in zauna bayan asabari in riƙa kallon tsakar gida. Babu abin kallo a ciki in ba babur ɗin Baba ba.

Baba ya yi soja, ya je yaƙin Bama can ƙasar waje lokacin babban yaƙin duniya, aikinsa a can kai saƙo a kan babur. Shi ya sa har yau Kofur ake ce masa. Wannan babur ɗin na wani Bature ne mai aikin hanya. Tun kafin yaƙi ya lalace masa, aka jingine shi a gindin wata tsamiya, har kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Baba ya roƙa aka bar masa, ya kwance shi, aka kawo gida a kan jakuna. Da yara suka dame shi a zaure sai ya shigo da shi ƙarƙashin rumfa, daura da ɗakin da nake.

Kullum da hantsi zai shimfiɗa buzu ya zauna. Ya jiƙa sarƙar a kananzir cikin wani tsohon kasko har tsatsar ta saki. Ya goge tankin da yashin kogi da jiƙaƙƙiyar tsamiya. Abin da ya karye, amininsa Baba Ya'u maƙeri ke ƙera masa sabo. Tayoyi da fulogi wani direban mota ya sayo masa a Kano. Sirdin ya ruɓe, ya kai wa baduku ya lulluɓe shi da jar fata, ya zagaye shi da geza. A kan ƙahon babur ɗin ya ɗaura wata oda ta roba, in ya matsa ta sai kajin Kaka su watse.

Tunda ba na iya kallon fuskarsa, hannuwansa nake kallo. A nan na gane. Wata rana noti ya suɓuce masa, ya gangara ya tsaya gaban gwiwarsa, rana na haska shi. Daga bayan asabari ina hangensa. Baba ya riƙa laluben ƙasa da tafin hannu, ya wuce shi, ya dawo, ya sake wucewa. Bai duba ba ko sau ɗaya, lalube kawai yake. Daga ranar na lura komai da yatsa yake yi. In zai zaɓi sifana ba ya kallonta, sai ya shafa bakinta. Wata safiya kuma ya shigo ya durƙusa ya gai da zanen Kaka da ke shanye a igiya. Da ya ji shiru, ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya wuce rumfa.

Da yamma Kaka na fyaɗa mini ruwan zafi da ganye, na ce, "Kaka, idon Baba fa."

"Juyo da bayanki. Me ya sami idon nasa?"

"Ba ya gani sosai."

"Ke da ba kya ɗaga kai gabansa, a ina kika ga idonsa? Matso, raguwa, ruwan zai huce."

"Hannunsa nake kallo."

Ta tsoma ganyen cikin tukunya ta bar shi a ciki. Can ta ce, "Tun damina na sani, ran da ya sa rigarsa a baibai ya tafi Juma'a. Yanar ido ce ta rufe masa su. In ya juyo wajen rana za ki ga fari-fari."

"To ki yi masa magana mana, kada ya hau abin nan. Ke kika haife shi."

"Shi ya sa ai. Ke 'yar farinsa ce, shi ɗan farin wa? Tunda na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Yau da furfurata da tasa zan tsaya gabansa in ce masa ya makance? Lubabatu, bakina ba zai iya ba."

"Ni ma nawa ba zai iya ba."

"To mun zama biyu. Sunkuya."

Na sa rai Baba Ya'u zai gane, tunda kusan kullum suna tare. Amma Baba ya san injin nan kamar yadda ya san hanyar masallaci, hannunsa ba ya kuskure, Baba Ya'u kuwa surutu ya fi ba ƙarfi. Wata rana ya shigo ya tarar an kwance kariyar baya, ƙarfen da ake ɗora kaya ko mutum a kai, wadda shi ya miƙar da ita a maƙera, an jefa ta bayan rumbu.

Ya ce, "Kofur, ina kariyata?"

"Na cire. Nauyi take ƙara masa."

"To ni a ina zan zauna in za mu Kano?"

"A maƙerarka. Kai da jaki ma kayar da kai yake."

"Jakin nan mahaukaci ne, kowa ya sani."

"Sirdi ɗaya ne, Ya'u, mutum ɗaya yake ɗauka."

Suka yi dariya. Ni kuwa a bayan asabari, a nan na fara jin maganar Kano. Na san hanyar. Daga fita gari sai gada, ga ta siririya, in motar gyaɗa ta hau babu wajen ratsewa, ƙasa kuma kogi ne.

Fenti ya yi a ƙarshe. Ya shafa wa tankin kore, ya ja masa layi ruwan ɗorawa. Layin ya fara daidai, sa'an nan ya karkace ya gangara kamar sawun maciji, a ɗaya gefen kuma ya bar wuri kamar faɗin tafin hannu fentin bai taɓa ba. Ya ja da baya ya tsaya yana gyaɗa kai kamar mai dubawa.

Ran Laraba da hantsi suka tura shi waje. Ina jin Baba Ya'u na haki yana cewa, "Saki kulocin, Kofur, ba ni da wani numfashin." Injin ya yi tari, ya mutu, ya sake yin tari, sai ya kama. Ƙarar ta cika unguwa, jaririyata ta farka da kuka, yara na ihu. Kaka na tankaɗe, ta ajiye rariya ta riƙe gwiwoyinta. Muka ji ƙarar ta yi nisa wajen fili, ta zagayo, ta sake nisa. Sai muka ji ƙum, aka yi shiru.

Sun shigo Baba na ɗingishi, wandonsa ya yage a ƙauri, jini na bin ƙafarsa. Babur ɗin bai yi komai ba sai fitila da ta karkace.

Baba ya ce, "Akuya ce ta gifta."

Baba Ya'u ya ce, "Ni dai ban ga akuya ba. Kututturen nan kuwa tun muna yara yake wurin, bai taɓa gifta wa kowa ba. Hannu ya kwanta, Kofur, Bama ta yi nisa."

"Zai tashi a hanya. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kano."

"Gobe Alhamis fa, jajiberin kasuwa. Shanun kasuwa za su cika gada."

"Da hantsi zan fita, kafin su yi yawa."

Kaka ta kawo ruwan ɗumi da tsumma ta ajiye kusa da ƙafarsa, ta koma kan tankaɗenta. Garin da ta riga ta tankaɗe shi ta sake zubawa a rariya.

Bayan la'asar Kaka ta shiga maƙwabta gaisuwar mara lafiya. Baba na ƙarƙashin rumfa yana gyara fitilar. Ya ce wa iska, "A kawo mini amaryata, yau ban gan ta ba." Haka yake kiran jaririyar. Kullum Kaka ke kai masa ita, yau kuwa babu kowa sai ni. Na ɗauko ta, na durƙusa gefen buzu, na miƙa, kaina a ƙasa. Ya kamata in tashi in koma, amma na ci gaba da durƙuso.

Ya ɗaga yarinyar wajen tankin. "Amarya, duba dokin angonki. Kin ga koren? Ya hau daidai ko? Ke ba kya ƙarya, faɗa mini."

Ya kara kunnensa kusa da bakinta kamar da gaske jiran amsa yake. Sai na ji muryata ta fito, 'yar ƙarama.

"Ta ce akwai inda bai kama ba."

Hannunsa ya tsaya. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba in ban da amsa gaisuwa. Bai juyo ba. Ya ce da yarinyar, "A ina?"

"Ta ce ta gefen hagu. Ta ce layin ma ya karkace."

"Af. Amaryar nan akwai sa ido. Sai me kuma ta ce?"

Na kafa ido a kan gezar sirdin. Na ce, "Ta ce babu akuya."

Ya daɗe yana jijjiga ta. Wata kaza ta zo ta tsattsagi ƙasa kusa da kaskon kananzir ta wuce.

Ya ce, "Amarya, ki gaya wa mai yi miki tafinta na sani. Na riga kowa sani. An ce akwai asibitin ido a Kano, suna cire yana, mutum ya koma gani. Can za ni."

"Ta ce akwai mota a tasha."

"Akwai. In na shiga mota sai an riƙe hannuna an hau da ni, a riƙe a sauke ni, a ba yaro sanda ya ja ni cikin Kano. Kafin in dawo duk Wudil ta ji Kofur ya zama abin ja. In aikin bai yi ba, ai sandar na nan tana jirana, ba inda za ta. Amma zuwa dai da kaina za ni. Har yanzu ina rarrabe farin hanya da duhun daji in rana ta ɗaga."

"Ta ce gada."

"Na ratsa wadda ta fi ta, ana harbi."

"Ta ce lokacin da ido."

Ya shafa kan yarinyar, ya miƙo ta wajen da yake zaton nake. Hannun ya kauce kaɗan, sai da na matsa na tare ta. Ya lalubi sifanarsa ya koma kan fitila.

Da Kaka ta dawo na gaya mata duka. Ta zauna bakin gado ta ce, "Har kin iya?" Sa'an nan ta ce, "Ubansa ma haka yake, in ya ce zai yi an gama." Na tambaye ta ko mu ɓoye wani ƙarfe daga jikin injin. Ta ce da yatsa zai gane, kuma ba zai sake sakin jiki da kowa a gidan ba. Na ce ko a aika wa maigidana a Indabo. Ta ce suruki ne, shi da wane bakin? Muka zauna muna jin ƙarar sifana har aka kira magariba.

Washegari da Baba ya fita sallar asuba, na zagaya bayan rumbu na jawo kariyar. Ban san yadda ake ɗaura ta da noti ba. Na ɗora ta a mazauninta, na aza matashin jaririyata a kai, na ɗaure su tam da majanyina, na ƙulla har sau uku. So nake Baba Ya'u ya zauna a nan ya zame wa Baba ido a hanya. Ban sani ba ko Baba zai kwance ya yar in ya shafa ya ji. Kaka na tsaye bakin ɗakinta tana kallona.

Ta ce, "Ba ki yi arba'in ba, 'yar nan."

Na ce, "Na sani, Kaka."

Ta kwance tata ɗamarar ta miƙo mini. Na goya yarinyar da ita, na lulluɓa, na fita ta zaure. Daga nesa ina jin kukan shanu ta wajen kogi. Na bi lungu har maƙera. Baba Ya'u ya dawo daga masallaci, ya sunkuya yana hura wuta, bayansa na wajena. Ban taɓa yi masa magana ba in ba gaisuwa ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama, ƙarar zuga-zugi ta danne muryata. Na gyara goyo, na sake yi da ƙarfi.